Kai kuka wurin babban duwan ba ɗaukaka ƙara ba ne

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin fataken dabbobi da 'yan kasuwar Dakoro: in ma'aikacin duwan ya tare maka kaya ya yanka tara, ka wuce wurin babbansa a Maraɗi, ka rusuna, a rage maka. Wai an ɗaukaka ƙara ke nan, kuma ya wadatar. Bai wadatar ba, domin wanda ake kai wa kukan ɗan gida ne. A tsarin da ƙasashenmu suka gada daga Faransa, ana ware wa ma'aikatan duwan kaso daga kuɗin tara da na kayan da aka ƙwace, kuma takardar kamun da jami'ai biyu suka sa wa hannu gaskiya ce a idon doka har sai ka tabbatar jabu ce. Wane falke ne zai iya? Sulhun da ake yi masa tayi kuwa, ya biya ne a rufe maganar, ko da tun farko kuɗin da aka ƙiyasta wa kayan ba daidai ba ne. An ba kura ajiyar nama.

Masu kare wannan hanya suna cewa babban jami'i ya fi alƙali sanin kuɗin fito, ga sauri, shari'a kuma tana cin watanni. Saurin gaskiya ne, amma a dubi mafarinsa. Shanun da suka taso daga Dakoro za su Jibiya ta Ɗan Isa, kowane wuni a tsare rama ce da kuɗin ciyawa da ruwa, ga ranar kasuwa tana wucewa. Mai irin wannan kaya tilas ce ke sa shi sa hannu. Sanin aiki kuma babu mai musa shi. A duba matakin farko a cikin gida, amma kada ya zama na ƙarshe.

Nijar ma ta riga ta ɗauki alkawari. A 2015 ta amince da yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda sashenta na 4 ya wajabta a faɗa wa ɗan kasuwa dalilin hukunci, ya kuma ba shi damar wucewa gaba in an ja masa lokaci. Abin nema a Maraɗi shi ne dalili a rubuce, da wa'adi sananne, da sakin dabbobi bisa jingina kafin a gama, da kwamitin da 'yan kasuwa ke da kujera a cikinsa, wanda babu mai kaso a tarar da zai zauna.