Masu raina binciken "leda", ku zo mu yi lissafin wake

Jiya a majalisa wani abokinmu ya ji an ce akwai malaman jami'a da aikinsu ke nan binciken siririyar leda, sai ya bushe da dariya. Wai ƙasa na fama da yunwa, su kuma farfesoshi suna can suna auna leda. Na yi shiru a wurin saboda akwai manya, amma a nan zan faɗi tawa.

Malam, buhun PICS da kake ɗura wakenka a ciki, daga ina ya fito? Daga irin wannan binciken da kake yi wa dariya. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, su da takwarorinsu na arewacin Kamaru ne suka fara gwada shi tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu, har kamfanin Lela Agro ya shiga ƙera shi a nan Kano. Leda biyu ce a ciki, kaurin kowacce maikiron 80, wato kusan silin gashi ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Ka ɗaure kowacce tamau, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba magani ko ɗigo.

Mu da muke noma tsakanin Bichi, Dambatta da Tsanyawa mun san gonakinmu. Gado ya rarraba su, gona na manne da gona, ba sauran saura. Wanda ya samu buhu uku na wake, su ne kuɗin makaranta, su ne na asibiti. A da ko ka sayar da kaka a wulaƙance, ko ka ajiye ya zama gari, ko ka zuba masa fiya-fiya ka ci da iyalinka. Wannan guba ce fa ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Turawa sun ƙi shi, mu kuma muka yi ƙosai da alala da shi.

To amma ban wanke jami'o'inmu ba. Bara na sayi buhu biyu a wata kasuwa, mai kayan ya rantse na gaske ne. Wata uku na kwance ɗaya, wallahi ƙwari ne suka yi min maraba. Ledar ta fi ta ainihi sirantaka, ni kuwa da me zan auna? Da yatsa? Muna da Jami'ar Bayero da cibiyarta ta binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, muna da ABU Zariya, muna da ofishin IITA a Kano. Me zai hana a riƙa ɗaukar samfurin buhunan da ke Dawanau da kasuwannin ƙauye ana aunawa, a faɗi sakamakon a rediyo da Hausa? Me zai hana a binciko ledar da ɓera da tsinin kara ba sa saurin hudawa? Wa zai gaya mana yadda za mu yi da tsofaffin ledojin da iska ke watsawa a gonaki, akuyoyi na haɗiya suna ramewa?

Binciken da ya tsaya a kanta don ƙarin girma, manomi na da gaskiya in ya raina shi. Gwamnatin da ke barin ɗakin gwaji ba wuta ba kayan aiki, ita ma da nata kason laifin. Amma wanda ya ce a bar binciken gaba ɗaya, fiya-fiya yake zaɓa mana, ko ya sani ko bai sani ba.

Kaka ta matso. Kafin ka biya, ka hura kowace leda ka ga ko tana fitar da iska, ka shanya waken ya bushe sarai, ka ɗaure ledojin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya san wani malami a fannin nan, don Allah ya tura masa wannan. Allah Ya sa mu ci abin da muka noma lafiya.