Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk shekara in watan Maris ya kama, Amurka kan ɗauki harama da gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka amince su biya hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, dala biliyan 10.8 don su riƙa nuna gasar har shekara 14. A 2016 aka ƙara musu shekara takwas a kan dala biliyan 8.8. Su kuwa samarin da ake zuba waɗannan maƙudan kuɗi don a kalle su, har zuwa 2021 dokar hukumar ta haramta musu albashi da kuɗin talla, sai dai tallafin karatu. Matsayina a nan ba ɓoyayye ba ne: waɗannan yara ma'aikata ne, a biya su hakkinsu, kuma a bar su su kafa ƙungiyar ƙwadago.

Mu fara da sunan da aka laƙaba musu, wai “ɗalibi ɗan wasa”. Sunan nan yana da asali. A 1955 wani matashi mai suna Ray Dennison ya ji rauni a ka yana buga wa kwalejinsa ta jihar Kolarado ƙwallon Amurka, wadda ake rungumarta a sheƙa a guje ana karo da juna, ya rasu. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta tanadar wa iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. Kotun ƙolin jihar ta ce ba ta da ko ƙwabo, domin mijinta ba ma'aikaci ba ne. Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA tun daga 1951 har shekara talatin da ɗoriya, ya faɗa da kansa a littafin da ya fitar a 1995 cewa sun ƙirƙiro sunan ne don kada kotuna su ɗauki ƴan wasa a matsayin ma'aikata. Tunda maƙerin da ya ƙera wuƙar ya faɗi abin da aka ƙera ta don ta yanka, gardamar me ta rage?

Masu kare tsarin sukan ce ai ana biyan su da ilimi, ga ɗakin kwana ga abinci kyauta. To, mu duba ilimin. A 2014, lokacin da ƴan ƙwallon jami'ar Northwestern suka nemi kafa ƙungiya, bayanan da aka gabatar wa hukumar kula da ƙwadago sun nuna cewa sukan shafe awa 40 zuwa 50 a mako kan wasa a lokacin kakar gasa, har 60 a sansanin horo. Wanda ya yi wannan aiki, da wane ƙarfi zai buɗe littafi? A wannan shekarar kuma bincike ya bankaɗo cewa a jami'ar North Carolina an shafe shekara 18 ana ba da maki a wasu darussan bogi da babu malami babu aji, ɗalibai sama da 3,000 suka bi ta cikinsu, kusan rabi ƴan wasa. Batun abinci kuwa, Shabazz Napier, tauraron jami'ar Connecticut da ta ci kofin 2014, ya shaida wa ƴan jarida cewa akwai daren da yakan kwana da yunwa.

Wasu kuma su ce ai share fage ne, gobe za su shiga manyan ƙungiyoyi su kwashi miliyoyi. Alƙaluman NCAA ɗin kanta sun nuna waɗanda ke kaiwa can ba su cika biyu cikin ɗari ba. Sauran sukan fita da gwiwar da ta lalace ko ƙwaƙwalwar da ta sha karo, a daidai shekarun da jikinsu ya fi daraja a kasuwa.

In an ce babu kuɗi, sai in ce a leƙa aljihun masu horarwa. Nick Saban na Alabama ya haura dala miliyan 11 a shekara kafin ya yi ritaya. A 2023 jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don kawai ya kama gabansa. Kuɗin sallamar mutum ɗaya ke nan. Ba a taɓa jin an ce wa koci ya yi aiki don ƙaunar wasa ba. Wa'azin ƙaunar wasa yara kaɗai ake yi wa.

Gaskiya ne abubuwa sun sauya, sai dai babu abin da hukumar ta bayar don raɗin kanta. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da UCLA a 1995, ya ga siffarsa a wasan bidiyo ana sayarwa ba da izininsa ba, ya kai ƙara a 2009. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka, su tara, baki ɗaya suka kayar da NCAA a shari'ar Alston, har mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa da a wata sana'a ce ake wannan tsari, da ya saɓa wa doka ƙarara. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba ƴan wasa damar cin kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa ƴan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Nan ne wasu suka ce magana ta ƙare. Ni kuwa na ce yanzu aka fara. Wannan iyaka ta miliyan 20.5 an ɗora ta ne a kan kashi 22 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar manyan jami'o'i. A gasar ƙwararru ta NBA da NFL, ƴan wasa na ɗaukar kusan rabin kuɗin shiga. Me ya kawo bambancin? Can akwai ƙungiyar ƙwadago da ke zama a teburi ta yi ciniki, nan kuwa lauyoyi ne da shugabanni suka yanka rabon. Yaron da zai shiga jami'a baɗi ba a tambaye shi ba. Awa nawa zai yi yana horo, wa zai biya asibiti in raunin ya taso bayan shekara goma, wa zai tsaya masa in koci ya ture shi gefe? Ɗan shekara 18 ba zai iya wannan ciniki shi kaɗai da jami'a mai rundunar lauyoyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sau biyu suka gwada. Ƴan Northwestern sun kaɗa ƙuri'a a 2014, hukumar ƙwadago ta janye hannunta daga maganar a 2015, ƙuri'un ko ƙirga su ba a yi ba. Ƴan ƙwallon kwando na Dartmouth sun zaɓi shiga ƙungiya da ƙuri'a 13 da 2 a Maris ɗin 2024, kwalejin ta ƙi zama da su, a ƙarshen shekarar suka janye buƙatarsu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan rigima ba ta shafe mu ba. Hakeem Olajuwon daga Legas ya bi ta jami'ar Houston, Joel Embiid da Pascal Siakam daga Kamaru suka bi ta Kansas da New Mexico State, kuma har gobe masu farautar dogayen yara na zagaya Afirka. Yaranmu su ne suka fi rauni a cikin tsarin, domin bizar karatu ta taƙaita musu aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, gwarzon ɗan wasan jami'o'i na 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je Bahamas sannan ya samu ya yi tallace-tallacen da abokan wasansa ke yi a gida.

Abin da ake ba mutum don an ga dama, ana iya janye shi ranar da aka ga dama. Abin da aka rubuta a yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki shi ne hakki. Jami'o'in Amurka sun riga sun yarda su biya, don haka sun amsa cewa aiki ake yi musu. Saura su ƙarasa ladansu, su kira ma'aikaci da sunansa, su bar shi ya zauna da ƴan uwansa a yi cinikin guminsa a gabansa.