Hanyoyin Cikin Ƙaramar Hukuma: A Faɗa Mana Mai Su

Birnin Bauchi yana da wani sha'ani da ya raba shi da Kano. A Kano mai Keke Napep kan ratsa Dala da Fagge da Nasarawa da Tarauni tun kafin rana ta yi tsaka, domin ƙananan hukumomi takwas ne suka raba birnin. A nan kuwa, daga Yalwa zuwa Fadaman Mada, daga Miri zuwa Tirwun, ƙaramar hukuma ɗaya ce tak. In aka cire manyan titunan da suka fita garin zuwa Jos da Ningi da Maiduguri da Gombe da Dass, duk wata hanya da ke birnin nan a cikin ƙaramar hukumar Bauchi ta fara, a cikinta kuma ta ƙare. Amma kowa ya san ba ƙaramar hukumar ce ke shimfiɗa manyan titunan garin ba. Gwamnatin jiha ce ke ba da kwangilarsu, ita ce ta ɗauki aikin gadar sama ta Wunti, gwamna ne kuma ke yanka ƙyalle ranar buɗewa. Tambayar da wannan jarida ke yi ba ta ranar buɗewa ba ce, ta damina ta uku ce bayan buɗewa: idan kwalbati ya rufta, ko gefen kwalta ya zaizaye, ƙofar wa za a buga?

A kan takarda kamar an riga an amsa. Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyin ƙasar nan gida uku: rukunin A na gwamnatin tsakiya, rukunin B da ya zama na jihohi, da rukunin C wanda En'e ke riƙe da shi kafin ƙananan hukumomi su gaje ta bayan garambawul ɗin 1976. Tsarin mulkin 1999 ya ba tarayya hanyoyin da Majalisar Ƙasa ta ayyana a matsayin nata, kuma tun 2002 akwai hukumar FERMA da aka kafa domin gyaransu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin ya sa gina hanyoyi da tituna da fitilun titi da magudanan ruwa, tare da kula da su, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, sai dai ya bar wa Majalisar Dokokin jiha ikon fayyace abin da ya shiga ciki. Nan ne gizo ke saƙar. Titin tarayya yana da suna da lamba, ana iya nuna shi a taswira a ce wannan A3 ne, ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Jos da Bauchi ya nufi Maiduguri. Tsakanin rukunin B da C kuwa, talaka ba shi da wata takarda da zai buɗe ya ga inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya tashi. Ga shi kuma kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin Najeriya a rukunin ƙananan hukumomi ake lissafa su, wato matakin gwamnatin da ya fi kowa ƙarancin injiniyoyi da kayan aiki shi aka ɗora wa kaya mafi nauyi.

Yadda wannan ruɗani ke cin hanya ba ɓoyayye ba ne, duk mai bin titunan unguwanni ya gan shi. Ana gama aiki, ɗan kwangila ya kwashe tifofinsa da gireda, allon da ke ɗauke da sunan aikin ya yi tsatsa ya faɗi. Damina ta farko ledar ruwa da yashi su cika lambatu. Ta biyu ruwa ya rasa hanya ya hau kan kwalta ya kwanta, ya sami 'yar tsaga ya shige ƙarƙashi ya jiƙa ƙasar da aka daddale. Mota mai nauyi ta bi ta kai, wurin ya lotsa, rami ya buɗe kamar faranti, kafin kaka ya zama kamar daro. Daga nan sai samarin unguwa su fito da shebur da baro, su zuba ɓaraguzan gini da jar ƙasa, su tsaya a gefe suna ɗaga wa direbobi hannu a ba su na ruwa. Masu unguwa su rubuta koke zuwa sakatariya a ce musu ai wannan aikin jiha ne, su nufi ma'aikata a ce musu titin cikin unguwa na ƙaramar hukuma ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin biyun, kuma wannan shi ne abin takaicin. Abin da leburori biyar da buhunan siminti kaɗan za su tare a shekarar farko, sai a bar shi har ya koma sabuwar kwangila ta miliyoyi.

Shekara da shekaru asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, shi ya rufa wa wannan matsala asiri a faɗin ƙasar nan. Tunda kuɗin ƙananan hukumomi ta hannun jiha yake bi, ana iya yin hanya da sunan aikin haɗin gwiwa ba tare da kowa ya tsaya tantance mai ita ba, aljihun ɗaya ne ko da riguna biyu ne. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai ke da ikon riƙe su, ban da kantomomi. Ko yaya aiwatar da hukuncin yake tafiya, alƙiblar ta fito fili. Ranar da aljihun ya rabu da gaske, jiha za ta sami hujjar cewa kuɗinku na hannunku, ku gyara hanyoyinku, shugaban ƙaramar hukuma kuma ya ce ban gina ba, ba a miƙa mini ba, ba ta cikin kasafina. Hanyar da ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya ita ce za ta fara zama marainiya, domin ita ce kowane ɓangare ke da dalilin tura wa ɗan'uwansa.

Matsayinmu shi ne iyakar ƙaramar hukuma ba ma'auni ba ce. Aikin da hanya ke yi shi ya kamata ya nuna mai ita, kuma a rubuta shi a doka. Wanda ya ce duk hanyar da ba ta ƙetare iyaka ba ƙarama ce, bai san ƙasar Bauchi ba. Ƙaramar hukumar Toro ita kaɗai ta fi Jihar Legas faɗin ƙasa. Mutum zai taso daga Tilden Fulani ya nufi Lame ko Rishi, ya yi doguwar tafiya har ya gaji bai fita ƙaramar hukumar ba. A wata jihar irin wannan tafiya ta ratsa ƙananan hukumomi da dama, kuma ba mai musun cewa hanyar ta jiha ce. Haka hanyar da ke kai kaya da dabbobi kasuwar Mararrabar Liman Katagum, ko wadda baƙi ke bi su shiga Yankari a ƙasar Alƙaleri, ko titin da motar ɗaukar marasa lafiya ke bi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa: tsawonsu ba shi ne abin dubawa ba, mutanen jihar baki ɗaya suke yi wa aiki. A gefe guda kuma akwai layin unguwa da aka zuba wa kwalta don wani babba yana zaune a wurin. Wannan ko gwamna ne ya buɗe shi da kansa, titin unguwa ne, kuma hannun ƙaramar hukuma ya kamata ya koma, tare da takardar miƙawa da ke nuna ranar da nauyin ya sauya wuya.

Za a ce mana, to me ya sa ba za a bi tsarin mulki sak ba, a mayar wa ƙananan hukumomi duk hanyar da ke cikinsu, musamman yanzu da ake maganar 'yancin cin gashin kansu? Masu wannan ra'ayi suna da gaskiya ta fuska ɗaya: kansila ya fi kwamishina sanin kwalbatin da ya toshe, kuma shi ake iya tarewa a masallacin unguwa a tambaye shi. Amma sanin ciwo daban, iya magani daban. Kason ƙananan hukumomi duka a asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, a raba wa 774, kuma albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya ke fara cin rabonsa kafin a zo maganar tsakuwa. Gadar sama tana buƙatar injiniyan da zai riƙa duba ta, tagwayen hanya suna buƙatar injin kwalta da na daddalewa. A miƙa wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma irin waɗannan da sunan 'yanci, ba girmamawa aka yi masa ba, an sauke masa kayan da aka san ba zai iya ɗauka ba ne don a sami wanda za a zarga.

Wasu kuma ta ɗaya gefen za su ɓullo, su ce jiha ta kwashe duka kowa ya huta. Ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka, jihar Karolina ta Arewa ta karɓe hanyoyin gundumominta a 1931, Bajiniya ta bi sahu a 1932, lokacin da matsin tattalin arziki ya durƙusar da gundumomin, kuma har yau a jihohin nan biyu ma'aikatar sufuri ta jiha ce ke kula da mafi yawan ƙananan hanyoyin karkara. Sai dai abin da ya riƙe tsarin nasu shi ne kowace hanya tana da lamba a kundin jiha, akwai harajin mai da ke shiga asusun hanyoyi, akwai kuma ofisoshin gyara a warwatse kusa da jama'a. A ɗauko rabin tsarin a bar rabi, abin da zai faru sananne ne. Jiha mai ƙananan hukumomi 20 da ke yanke shawarar kowane kwalbati daga babban birni, idonta inda manya ke wucewa zai fi kaiwa. Mu da ke zaune a Bauchi mu ne za mu ci riba, kuma don haka ne ya dace mu faɗa da bakinmu cewa ba adalci ba ne manomin Zaki ko na Bogoro ya jira fayil ya zagaya teburan babban birni kafin a gyara masa mashigin rafin da ya raba shi da kasuwa.

Akwai kuma masu cewa talaka bai damu da mai hanya ba, kwalta yake so, kundi kuwa takarda ce kawai, kuma ƙasar nan ba ta rasa takardu ba. Mun yarda takarda ba ta cike rami. Amma ita ce ke sa a san wanda za a kama. Ɗan majalisa ba zai iya tsayawa lokacin kare kasafi ya tambayi nawa aka ware wa gyaran hanya kaza ba, in babu inda aka rubuta cewa ta ma'aikatar da ke gabansa ce. Mai binciken kuɗi ba zai bi sawun kuɗin gyara ba in bai san tsawon hanyoyin da aka ce an gyara ba. Ɗan jarida ma haka. Ko shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ke tallafawa kuma Bauchi ke cikin jihohin da ke cin moriyarsa, bai tsaya ga shimfiɗawa kawai ba, ya ɗora nauyi a kan yadda za a riƙa kula da hanyoyin da samar musu kuɗin gyara mai ɗorewa. Masu ba da rancen sun san abin da mu ma muka sani: a nan gina hanya yana da biki da makaɗa da hoto a jarida, yashe lambatu kuwa ba shi da ko ɗaya, don haka in doka ba ta tilasta shi ba, ba mai yinsa.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ba, ikon ma tsarin mulki ya riga ya ba ta. Ta yi dokar da za ta sa Ma'aikatar Ayyuka, tare da shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai, su ƙidaya hanyoyin jihar ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta da lambarta da tsawonta da mai ita, a buga a jaridar gwamnati da Hausa da Turanci, a manna kwafi a kowace sakatariya. Dokar ta hana buɗe sabuwar hanya sai an ambaci hukumar da za ta riƙe ta da kuɗin gyaranta a kasafin shekara mai zuwa, a kuma kafa ƙaramin allo a bakin hanyar da ke faɗin haka, yadda ɗan acaɓa ma zai karanta. A fara da ƙaramar hukumar Bauchi, inda hannun jiha da na ƙaramar hukuma suka fi cakuɗewa, kuma inda ofisoshin biyu ba su da nisa da juna. Muna kira ga Kakakin Majalisar da kwamitinta na ayyuka su ɗauki wannan magana kafin su amince da kasafin kuɗi na gaba.