Fistol Mai Araha da Shirun Mai Ita: Tsokaci Daga Yankin Gaya

A Amurka, wanda ya sayi ƙaramar bindiga mai araha, irin su Canik da Tisas na Turkiyya ko Taurus ta Barazil, yakan fito fili ya faɗi yadda ya same ta: harsashi nawa ta harba kafin ta cije, da inda ake samun kayan gyaranta. Manazarcin da ya nemi irin wannan shaida a Balan da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi zai tarar da baki a rufe, kuma dalilin ya cancanci nazari.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, tana rukunin ƙasa, lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar farauta mai harsashi sai da amincewar Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna cikin haramtattun makamai tare da mashinga da gurneti: ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa, kuma hukuncin riƙe su ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ke nan duk talakan da ya yaba tasa fistol ya ba da shaida a kan kansa.

Wannan ne abin da masu kiran "kowa ya nemi makami" suke tsallakewa. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta shawarci jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, alhali ikon ba da lasisin ba na gwamna ba ne. Kayan da ke shigowa ma ta bayan fage suke bi. A 2017 kaɗai jami'an kwastan sun kama bindigogi 661, sannan 440, sannan 1,100 a Legas. Abin da aka saya a ɓoye ba shi da rasit, ba a mayar da shi, ba a kai ƙararsa.

Ga mai nazarin Hausa, inda batun ya fi armashi shi ne ƙira. Tarihin baka ya ce Abagayawa maƙera daga Gaya suka taso neman tama har Dutsen Dala. Bindigar toka ta zauna daram a cikin wannan sana'a: maƙeri ya ƙera ta, ya gyara kunamarta, maharbi ya yi mata kirari, jama'a kuma suka raɗa mata suna na barkwanci, harba-ruga, domin bayan harbi ɗaya sai gudu. Ita kuwa fistol mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, rayuwarta na rataye ga ƙananan ƙarafa da harsashin masana'anta da maƙerin ƙauye ba ya sarrafawa. In ta cije, ta zama guntun ƙarfe mai kai mutum kurkuku. Arahar tata ta tsaya a ranar ciniki. Ko sunanta bai wuce aro ba, sabanin kalmar bindiga da Hausa ta karɓo daga Larabci tun da daɗewa ta mayar tata.

Ita ma kalmar 'yan bindiga ta sauya gida. A ƙarni na 19, kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, rundunar sarakuna ce, akasarinta bayi. Yau sunan masu satar mutane ne, kuma makamin da suka fi riƙewa AK-47 ne, wanda fistol ba ta isa ta tunkara ba.

Saboda haka aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'i yana wurin waɗanda doka ta bar wa bakin magana, wato maharba da maƙeran Gaya da Ajingi. A naɗi sunayen sassan bindigar toka, da kirarin maharba, da sharuɗɗan da sarkin baka ke gindaya wa yaro kafin a miƙa masa makami, tun dattawan da suka san su suna raye.