Gyaran Tsohon Babur: Fenti Ya Zo Daga Ƙarshe

A Ingila, cikin shekarun 1980, samari masu babura irin na tsere, kamar Suzuki GSX-R750 wanda ya fito a 1985, suka ɓullo da wata dabara. In babur ya faɗi, rigarsa ta roba ta farfashe, kuɗin sabuwa kuwa ya gagara, sai su tuɓe ta ɗungum, su ɗaga kan babur, su maƙala ƙananan fitilu biyu. Shi ake kira Streetfighter, watau mai faɗan titi.

Lalle mun yaba wannan tattali, gama da tsohuwar zuma ake magani. Amma akwai abin lura. Rigar nan ita ke tsaga iska. In an cire ta, aka kuma ɗaga kai, iska takan doki ƙirjin mahayi, nauyinsa ya koma baya, gaban babur ya yi sakayau, har ya riƙa rawa in ana gudu.

Saboda haka muna jan kunnen mai wannan niyya. Ya fara duba ƙarfen da ke riƙe da inji, ko faɗuwa ta lanƙwasa shi, sa'an nan birki da taya. Ya tuna fa, an tuɓe riga ne, amma ƙarfin injin yana nan yadda yake.