"A Kai Su Daji!", In Ji Masu Tsoron Gidan Jinyar Ƴan Ƙwaya

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, daga Malbaza zuwa Illela da Badagishiri, da wuya a sami majalisar dattawa, ko rumfar kasuwa, ko ofishin gwamnati da ba a kukan yadda ƙwaya ke cinye matasa. Liman ya yi huɗuba, mai unguwa ya yi kashedi, uwa ta yi kuka har hawayenta sun ƙafe. Kowa ya yarda cewa abin ya kai a nemi magani. To amma a gwada cewa ga wani gida nan a unguwarku, za a mai da shi wurin jinyar waɗanda ƙwaya ta kama, nan take za a ga fuskoki sun sauya. Alhajin da ya fi kowa zafin baki a kan lalacewar tarbiyya shi zai fara neman sa hannun maƙwabta a takardar ƙara. Ma'aikacin da ya halarci tarurrukan faɗakarwa na ranar 26 ga watan Yuni, har ya karɓi kuɗin zama, shi zai rubuta takardar da Faransanci mai kyau. Amsarsu ɗaya ce: aikin alheri ne, Allah ya ba da lada, amma a kai su daji.

Wannan magana tana da kamar hankali a kunne. In aka bi ta sannu a hankali, za a tarar babu komai cikinta sai son kai da aka yi wa rawani.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, su wa za a kai dajin? Masu ƙara suna magana kamar dai wasu baƙi ne za a ɗebo cikin mota daga wata ƙasa a zube musu a ƙofar gida. Alhali kuwa yaran nan a unguwar aka haife su, a nan aka yi sunansu, kuma a nan suke kwana yanzu haka. Su ne ɗan kabu-kabun da ke kai yara lakkwal da safe, da ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa a Galmi, da yaron mota mai kwana bisa hanyar Tawa da Agadas, da lebura mai ɗaukar siminti a Malbaza. Da yawa cikinsu ba don nishaɗi suka fara haɗiyar tramol ba, sun fara ne don su iya aikin mutum biyu a kan ladan mutum guda, kuma wanda ya ci ribar wannan ƙarfi na aro sau da yawa shi ne maigidan da ke cewa a kai su daji. Akwai kuma ɗan alhaji da ɗan ma'aikaci da aka kulle a ɗakin baya don kada duniya ta ji. Ƙwaya ta daɗe da samun masauki a unguwa, likita ne kawai ake hana wa shiga.

Yankin nan kuwa ba shi da damar yin kamar bai sani ba. Ƙonni tana bakin iyaka, tsakaninta da Illelar Nijeriya tafiyar ƴan mintoci ce, babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa ta, hanyar arewa kuma ta rabu a Tsarnawa. Duk abin da ya cika kasuwa a Sakkwato sai ya tsallako. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan asibiti irin su tramol da kodin suka sha ba bisa ƙa'ida ba, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A wannan gefen iyaka, jami'an hukumar OCRTIS sun kama tan 17 na tabar wiwi da aka sarrafa a Yamai cikin watan Maris na 2021, sannan a watan Janairun 2022 aka kama kilo 214 na hodar iblis cikin motar magajin garin Fashi a jahar Agadas. An rufe iyakar Nijeriya daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Shinkafa ta yi tsada, fatake sun yi asara, amma ɗan ƙwaya bai daina shan ƙwayarsa ba.

Ƙasar Nijar tana da dokar yaƙi da ƙwaya tun watan Satumban 1999. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, kowace ta ƙona kayan da aka kama a gaban ƴan jarida. Kamu da ƙonawa aiki ne da ya wajaba, sai dai ba ya warkar da wanda abin ya riga ya shiga jininsa. Tramol ɗin da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a yarda babba ya wuce 400 a yini ba. Wanda ake tallarsa a tasha mai 120 ne, ko 200, ko 225, yaro kuma yana iya watsa huɗu ko biyar a shayi. Shi ya sa ake ganin saurayi lafiyayye ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. In an raba shi da ita farat ɗaya, sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa, har ya ga gara ya saci tukunyar uwarsa ya sayo. Wannan aikin likita ne, wanda zai rage masa ita daki-daki, ya duba ko akwai wata cuta ta ƙwaƙwalwa a ƙarƙashi. Bulala ba ta iya shi, gidan kaso kuma sai dai ya haɗa yaro da waɗanda suka fi shi sanin hanya. In abin ya tsananta, sunan da iyaye suka sani shi ne Pavillon E na babban asibitin Yamai, tafiyar sama da kilomita 400. Talaka nawa ne zai iya kuɗin mota da na masauki da na abinci, ya bar gonarsa ko rumfarsa har wata guda?

Sai a zo ga hujjojin masu ƙara, domin suna da su, kuma ba dukkansu ne na banza ba.

Ta farko ita ce tsaro. Wai gidan zai jawo ɓarayi da dillalan ƙwaya. An auna wannan tsoro a wasu ƙasashe. A birnin Baltimo na Amurka, masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun kwatanta laifukan da ake yi kewaye da gidajen jinyar ƴan ƙwaya da waɗanda ake yi kewaye da wasu wuraren kasuwanci, suka buga sakamakon a shekarar 2016: faɗa da fashi sun fi yawa a kusa da ƙananan kantunan lungu bisa ga kusa da gidajen jinya. Ko babu Amurka ma, hankali ya isa. Yaron da ke zuwa wurin likita da safe ya fi sauƙin zama da shi bisa ga wanda ke kwana a kango yana lissafin awakin maƙwabta. Dillali kuwa duhu yake so, wurin da akwai fitila da maigadi da rajista da idon jandarma ba kasuwarsa ba ce.

Ta biyu ita ce yara, kada su gani su koya. Yaran unguwa sun riga sun gani. Suna ganin mai tallar magani da tirensa bisa kai yana wucewa ta ƙofar makaranta, suna ganin yayyensu a fada. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne wanda ya faɗa ramin ya fito, ya koma sana'arsa, ya yi aure. Wannan darasi ya fi huɗuba goma.

Ta uku ba a faɗinta a fili, amma ita ce uwar sauran: kuɗin haya da darajar fili, da kuma kunyar a ce unguwar su wane ita ce unguwar ƴan ƙwaya. A nan ya dace ƴan kasuwa su yi lissafin da suka fi kowa iyawa. Jikka nawa ake asara a shekara wajen yaron shago da ya gudu da ciniki, da direban da ya kifar da kaya, da babur ɗin da aka ba ɗan kabu-kabu ya ragargaza? Unguwar da ake fasa shagunanta da dare ita ce wadda filinta ke faɗuwa. Kunya kuma, in da ta tsare wani abu, da ba a kai ga wannan hali ba.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata masu ƙara su tsaya su duba. A watan Satumban 2019 ƴan sanda suka fasa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka a baya. Wata guda bai cika ba aka fito da wasu sama da 60 daga irin wannan gida a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, har suna biyan kuɗi, don sun rasa inda za su nufa. Gidajen nan a cikin gari suke, suna da maƙwabta, sun yi shekaru suna aiki. Ashe dai unguwa tana iya zama da ƴan ƙwaya, matuƙar an ɗaure su an rufe ƙofa. Abin da ya mai da waɗannan gidaje wurin azaba shi ne rashin ido. In har aka yi haka a tsakiyar jama'a, me zai faru a dajin da babu mai jin kururuwa, inda uwa sai ta yi hayar mota kafin ta ga ɗanta, inda ma'aikacin lafiya zai ɗauki turawarsa can tamkar horo?

Afirka ta Yamma tana da misalan da suka fi wannan. Tun shekarar 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowanne tare da wani danginsa, suna zuwa asibiti da rana, suna kwana cikin jama'a, masu gidaje kuma suna karɓar kuɗin haya. Duniya ta zo ta koyi wannan tsari a wurinsa. A Dakar, cibiyar CEPIAD da aka buɗe a watan Disambar 2014 tana cikin asibitin Fann, a tsakiyar birni. Kwamitin da Kofi Annan ya kafa, wanda Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya faɗa wa gwamnatocin yankin a rahotonsa na 2014 cewa su ɗauki mai shan ƙwaya a matsayin majinyaci, su tanadi ƙarfin hukuma domin manyan dillalai. Nan gida ma, dattawa sun san zamanin da ake ware kutare a bayan gari. Da magani mai warkarwa ya samu, aka koma karɓarsa a gidan likita kamar na kowace cuta, kuma ba a ji garin da ya watse saboda haka ba. Asibitin Galmi yana bakin hanya tun 1950, masu tarin fuka da masu kowace irin cuta suna shiga suna fita, garin kuma sai bunƙasa ya yi.

Ba wanda ya ce maƙwabta su rufe baki su karɓi duk abin da aka kawo. Haƙƙinsu ne a shawarce su tun kafin a sa tubali, kuma hukumar da ta yi musu ba-zata ita ta sayi rigima da kuɗinta. Sai dai su nemi abin da ke da amfani. Su tambaya ko gidan yana da izinin ma'aikatar lafiya, da sunan likitan da zai ɗauki alhakinsa. Su sa sharaɗin cewa babu mari, babu bulala, kuma iyaye da alƙali da jami'an lafiya suna iya shiga ba tare da sanarwa ba. Su nemi a ware wa mata sashensu da ma'aikata mata, domin macen da ƙwaya ta kama ita ce ta fi kowa ɓuya. Su nemi maigadi da fitila da ƙayyadadden lokacin buɗewa da rufewa, da kwamiti wanda mai unguwa da liman da wakiliyar mata za su zauna a ciki, mai ikon kai ƙara in an saɓa. Mafi yawan majinyata ma ba kwana za su yi ba, zuwa za su yi su koma gida. Wanda aka cika masa waɗannan sharuɗɗa ya ci gaba da cewa a kai su daji, to ya fito fili ya ce ba ya son a yi maganin ne, jama'a su san matsayinsa.

Nauyi na gaba yana kan hukumomin gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, zaɓaɓɓu ne ko naɗaɗɗu, da sarakuna da malamai. In takardar ƙara ta iso teburinsu ɗauke da sunayen manyan gari, hanya mai sauƙi ita ce a jefa maganar cikin aljihun tebur, ko a nuna wani fili bayan gari inda babu ruwa babu wuta, a yi bikin aza tubali, a watse. Shugaban ƙwarai zai tara masu ƙara da iyayen yaran a zaure guda, ya bar kowa ya faɗi tasa a gaban ɗan'uwansa. Ƴan kasuwar da suka gina masallatai a kowane lungu, Allah ya saka musu, ba za su gaza ɗaukar albashin ma'aikacin jinya guda ba, ko karɓar yaron da ya warke a shagonsu, domin wanda ya fito bai sami sana'a ba, komawa zai yi.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kafin kowa ya sa hannu a takardar korar gidan jinya daga unguwa, ya fara leƙa ɗakin samarin gidansa, ya ƙirga su, ya duba idanunsu. Allah ya shirya zuri'a, ya ba shugabanni ƙarfin halin yin abin da ya dace.