RA'AYINMU: Sharar Wani Abincin Wani, To Ina Rabon Makiyayi?



A 'yan shekarun nan akwai wata magana da ta cika bakin masana da manyan ma'aikatan gwamnati a duk inda aka yi taron raya ƙasa, wato abin da suke kira tattalin arziki mai zagayawa. Ma'anarsa a taƙaice ita ce kada a zubar da komai. A tara masana'antu a unguwa ɗaya, abin da wannan ta gama da shi ta ce shara ne, waccan ta ɗauka ya zama kayan aikinta. Tun da yake yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya durƙusar da masana'antu da yawa a Khartum da Jazira da Sinnar, babu shakka ranar da aka zauna shawarar sake gina su wannan magana za ta taso. Shi ya sa muka ga ya wajaba mu faɗi namu tun yanzu, domin masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na wani gari mai suna Kalunbog a ƙasar Danmak. A shekarar 1972 kamfanin da ke yin allunan rufin ɗaki ya fara sayen iskar gas da matatar mai ta garin ke ƙonawa a banza. Daga baya tashar lantarki ta shiga tura tururinta ga matatar da kamfanin magunguna, shi kuma kamfanin magunguna ya yi shekaru yana kai ragowar aikinsa ga manoman kewaye suna zubawa a gona a matsayin taki. A lura da kyau, zagayen bai tsaya cikin katangar masana'antu ba, sai da ya fito ya iske manomi.

Mu ma a Sudan ba sai mun je Turai ba. Kamfanin sukari na Kenana da ke kusa da Rabak, wanda aka kafa a 1975, ya daɗe a kan wannan hanya. Tukar rake, wato abin da ke saura bayan an matse ruwan, ita ake ƙonawa a sami lantarkin da ke juya injuna. Baƙin ruwan nan mai kauri da muke kira molas kuwa, wani a haɗa abincin dabbobi da shi, wani kuma tun 2009 aka buɗe masana'antar da ke mayar da shi itanol, man da ake gauraya wa fetur, wadda aka gina don ta riƙa fitar da lita miliyan 65 a shekara. Wannan dabara ce mai kyau, ba mu da ja a kanta.

Amma fa a gaya wa masana, wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin da kakanninmu suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno har zuwa ƙauyukan Rusairis, haka manomi da makiyayi suke zaune. Manomi ya girbe dawarsa, a sa ranar sakin shanu, garke ya shiga ya ci kara da harawa, ya bar masa taki. Matar makiyayi ta kai nono, ta dawo da hatsi. Mahauci ya yanka, majemi ya ɗauki fata, baduku ya ɗinka takalmi. Mai matsar riɗi ya sayar da mai, ambaz ɗin da ya rage ya koma bakin saniya. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda, amma babu abin da ya tafi a banza.

To, me ya tsinka wannan igiya? A 1968 aka kafa hukumar noman tarakta, manyan gonakin mashru'i suka yi ta faɗaɗa a filayen da muke kiwo. A 1970 aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, alhali kuwa makiyayi bai taɓa yi wa daji rajista ba. A 2011 Kudu ta ɓalle, hanyar da garkuna ke bi da rani ta zama kan iyakar ƙasa biyu, ga kuma yaƙin da ya tashi a Damazin a watan Satumba na wannan shekara. A 2013 aka gama ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, ruwa ya shanye filayen bakin kogi, aka tashi ƙauyuka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage mana wurin kiwo, har ta kai karan da a da ake roƙonmu mu shigo mu cinye, sai da kuɗi ake shiga, wani ma a ɗaure shi a loda a mota zuwa birni.

A nan ne damuwarmu take. Da zarar an gane shara kuɗi ce, mai ƙarfi ne ke fara ɗauka. Idan aka gina unguwar masana'antu irin wadda ake magana, tuka ta tafi wuta, molas ya tafi itanol, ambaz na gyaɗa da riɗi da angurya ya tafi tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan, ɗan abin da ya rage kuma kamfani ya ciyar da nasa shanun na cikin shinge, to, zagaye ya cika a takarda. Baƙi za su zo su ɗauki hoto su yaba. Amma saniyar talaka tana bayan waya a watan Mayu, haƙarƙarinta a waje, tana jiran ruwan farko. Zagayen da ya rufe ƙofa ya bar mai dabba a waje, a wurinmu bai cika ba, domin naman da ake ci a Khartum, da tumakin da ake lodawa zuwa Saudiyya, da shanun da ake kaiwa Masar, yawancinsu daga hannun makiyayin daji suke fitowa.

Kuma kada wani ya ɗauka maganar abincin dabba ce kawai. Mu da muka ga abin da ya faru a wannan wilaya a watan Yuli da Oktoba na 2022, muka binne 'yan'uwa, muka ga mata da yara sun bar gidajensu, mun san inda rigimar ƙasa ke kai mutane. Duk tsarin da zai ƙara matse manomi da makiyayi a kan ɗan fili ɗaya, wuta yake hurawa ko da mai shi bai yi nufi ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin wilaya da ta tarayya, da duk mai niyyar zuba jari, da su dubi waɗannan abubuwa.

Na farko, kafin a ba kowace masana'anta fili, a fitar da burtali da mashaya a kafa musu alama, da shaidar shehunan ƙauyuka da umda da wakilan makiyaya da na manoma. Dokar makiyaya ta 2015 tana nan a rubuce, a yi aiki da ita.

Na biyu, a rubuta cikin yarjejeniya cewa wani kaso na molas da ambaz da dusa za a sayar da shi a nan cikin wilaya, daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, a kan farashin da aka sanar a fili, ta hannun ƙungiyoyin makiyaya, ba ta hannun masu ɓoye kaya ba.

Na uku, ruwan da masana'anta ta gama aiki da shi kada ya gangara kogi ko hafir sai an tace shi an gwada. Abin da saniya ta sha yau, shi yaro zai sha a nono gobe.

Na huɗu, a sa mayanka ta zamani da majema da wurin tara madara cikin tsarin tun daga farko. Duk san da aka kora da ƙafa ko aka loda da rai zuwa waje, ya tafi da fatarsa da ƙashinsa da jininsa da ƙahonsa, ya tafi kuma da aikin da 'ya'yanmu za su samu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mu ma muna da namu laifin. Fata nawa muke ɓatawa da wutar shaida a tsakiyar jiki, da wuƙar fiɗa ta gaggawa? Taki nawa ke tule a kasuwannin shanu na Damazin da Sinja, alhali masu lambu a bakin kogi suna neman sa? Leda nawa muke yarwa a mashaya, wadda mahauta ke cirowa dunƙule-dunƙule daga tumbin shanunmu? Sau nawa muke kallon ciyawa tana bushewa da kaka ba mu yanka mun adana ba, sai bazara ta yi mu sayar da bijimi rabin kuɗinsa don mu sayi buhun ambaz? Wanda bai tattala nasa ba, bakinsa ba zai yi nauyi ba ranar da ya je neman na wani.

Don haka muna roƙon kowane reshe na ƙungiyarmu, kafin kakar bana ta wuce, ya zauna da manoman yankinsa a sa ranar sakin shanu, a yi ta a gaban shaidu. A haɗa kuɗi a sayi abincin rani tun yana da araha. Masu gauraya molas da takin yuriya kuma su nemi likitan dabbobi ya auna musu, domin idan yuriya ta yi yawa tana kashe saniya nan take. Fatake su ma su sa hannu, don ramammen sa ba ya yi wa kowa riba.

Ba mu ƙi masana'anta ba, ba mu ƙi ci gaba ba. Abin da muke nema shi ne ranar da za a zana wannan zagaye, a kira mu a zana da mu, domin an ce ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya albarkaci garke da gona. Amin.